Ciwon ɓarin kai: mabuɗi ɗaya, kwaɗo iri 14

Ciwon kai iri-iri ne. Akwai na zazzaɓin cizon sauro, akwai na mura, akwai na rana da na gajiya. Akwai kuma wani wanda yake zuwa ya tafi, ya sake dawowa, shekara da shekaru, ba tare da zazzaɓi ba. Shi ne ciwon ɓarin kai, wanda a gidan likita ake kira migiren.

Mai wannan ciwo ya san shi farin sani. Sau da yawa gefe ɗaya na kai yake kamawa, wajen ido ko wajen kunne, yana sara kamar ana daka a ciki. Zuciya tana tashi, wani lokaci har da amai. Haske yana damun mutum, ƙara tana damunsa, ƙanshin turare ko hayaƙin murhu ma yakan ƙara masa wahala. In ya sunkuya ko ya yi tafiya sai ciwon ya tsananta. Abin da yake so kawai shi ne ɗaki mai duhu, a rabu da shi. In ba a sha magani ba, ciwon yana ɗaukar awa 4 har zuwa kwana 3. Waɗansu, kafin ya sauka, sukan ga walƙiya ko zane mai ƙyalli a gabansu, ko wani gefe na ganinsu ya dushe, na ƴan mintoci har zuwa awa ɗaya.

Kusan mutum ɗaya cikin 7 a duniya yana fama da shi, kuma mata sun ninka maza har kusan sau 3. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu shi. Matar da ta kwanta rana tsaka ta bar daka da ɗibar ruwa, akan ce mata mai son jiki. Magidancin da ya bar gona a tsakiyar noman farko, akan ce raki ne. Waɗansu kuma su ce iska ce ko sammu. A ganinmu wannan zargi yana cikin abin da ya fi ciwon ciwo, domin cuta ce ta jiki sosai, mai wurin zama sananne, kuma tana bin dangi: galibi in ka bincika za ka tarar uwa ko kaka ta yi fama da ita.

Ina ne yake ciwo?

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da abu biyu, kuma sai mun raba su za mu gane bayanin. Akwai jijiyar jini, wadda jini yake gudana a cikinta kamar ruwa a cikin tiyo. Akwai kuma jijiyar saƙo, mai kama da zare, wadda take kai labarin zafi, sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa.

Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Abin da yake ji shi ne tantanin da ya lulluɓe ta, tare da jijiyoyin jinin da suke cikinsa. Wannan tantani shi ne wanda sanƙarau yake kamawa. Labarin zafinsa yana bi ta wata babbar jijiyar saƙo mai rassa uku, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wadda kuma take kula da goshi, ido, kunci da haɓa. Shi ya sa ciwon yake iya tsayawa a ɓari ɗaya, kuma shi ya sa ake jin sa a bayan ido.

Ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai tana da saurin firgita. Yunwa, ƙishirwa, zafin rana, rashin barci, ɓacin rai, zuwan al'ada ga mata, ko rashin shayi da goro ga wanda ya saba, kowanne yana iya tayar da ita. In ta tashi, sai bakin jijiyar nan mai rassa uku ya riƙa zubar da wani sinadari a kan tantanin. Masana suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, CGRP. Shi ne yake buɗa jijiyoyin jini, yake kuma hura wutar zafin, har bugun jinin da mutum bai taɓa ji ba ya koma masa kamar taɓarya.

Wane ne serotonin?

Sassan jiki suna magana da juna ta hanyar sinadarai, waɗanda muke iya kira ƴan aike. Serotonin ɗaya ne daga cikinsu. A shekarar 1948 masana uku a birnin Kilibilan na Amurka, Maurice Rapport, Arda Green da Irvine Page, suka tace shi daga jinin shanun da suke samowa a mahauta. Abin da suke nema shi ne sinadarin da yake sa jijiyar jini ta tsuke. Tun kafin su, wani masani na Italiya, Vittorio Erspamer, ya riga ya gamu da shi a cikin hanji, ya raɗa masa wani suna dabam, sai daga baya aka gane abu ɗaya ne. A 1953 Betty Twarog ta nuna akwai shi a ƙwaƙwalwa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jikinmu a hanji yake, yana taimakon motsin ciki. Kaɗan ne a ƙwaƙwalwa, amma wannan kaɗan ɗin yana da hannu a barci, cin abinci, walwala da jin zafi.

Zargi ya fara faɗawa kansa ne a 1961, lokacin da lokotoro Federigo Sicuteri na birnin Fulorans a Italiya ya auna fitsarin masu ciwon. Ya tarar tokar serotonin, wato abin da yake saura bayan jiki ya gama aiki da shi, tana ƙaruwa a ranar ciwo. A 1967 kuma James Lance da abokan aikinsa a Sidini ta Ostiraliya suka nuna serotonin ɗin cikin jini yana raguwa in ciwon ya sauka. Da aka yi wa marasa lafiya allurarsa a jijiya, ciwon kan ya lafa. Sai dai allurar ta zo da nata: jiri, tashin zuciya, zafin fuska da ƙuncin numfashi. Maganin da zai kori ciwon kai ya kawo waɗannan, ba wanda zai yarda da shi.

Me ya sa sinadari ɗaya ya yi gyara a nan, ya yi ɓarna a can? Amsar ita ce gishirin wannan bayani.

Ɗan aike ba ya shiga gida sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da kwaɗonta. A jikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai waɗansu ƴan wurare, ido ba ya ganinsu, inda sinadari yake zuwa ya zauna daidai kamar yadda mabuɗi yake zama a cikin kwaɗo. Sunansu makarɓa, domin su suke karɓar saƙo. Serotonin mabuɗi ɗaya ne, amma kwaɗon da yake buɗewa iri 14 ne, an kasa su gida 7. Abin da zai faru ya dogara ga ƙofar da aka buɗe. Ta hanji tana kawo murɗa da zawo. Ta gida na 3 tana kawo amai. Waɗansu na gida na 2 suna sa jini ya daskare, ko su yi wa ƙofofin zuciya lahani in aka daɗe ana taɓa su. Allurar serotonin ta buɗe dukkansu a lokaci guda, kamar mai gida ya ba yaro mabuɗi ya buɗe rumbu, yaron ya bi ya buɗe garke da akurki.

Uku daga cikin 14 ɗin nan ne suka shafi ciwon ɓarin kai kai tsaye, dukkansu ƴan gida na 1. Ba su da suna sai lamba da harafi: 1B, 1D da 1F. Na 1B yana jikin jijiyar jini, in an buɗe shi jijiyar ta tsuke. Na 1D da na 1F suna jikin jijiyar saƙo mai rassa uku, in an buɗe su bakinta ya rufe, ta daina zubar da CGRP, labarin zafi ya daina wucewa.

Maganin farko daga gona ya fito

A ƙasashen sanyi ana noma wani hatsi ɗan uwan alkama mai suna segal. Wata cuta ta naman gwari takan kama zangarniyarsa, a maimakon tsaba sai wani baƙin abu mai tauri ya fito kamar ƙahon zakara. Sunansa argo. A zamanin da, in ya shiga gari mutane suka ci, jijiyoyin jininsu sukan tsuke har yatsu da ƙafafu su yi baƙi su ruɓe. Garuruwa da yawa na Turai sun ga wannan masifa. Duk da haka ungozomominsu sun san ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsuke mahaifa.

A 1918 Arthur Stoll, a birnin Bal na ƙasar Suwis, ya cire wani sinadari daga argo, aka sa masa suna argotamin. Ba a yi shekara 10 ba aka fara ba masu ciwon ɓarin kai, kuma ya yi aiki. A 1938 John Graham da Harold Wolff a Amurka suka auna bugun jijiyar jinin da take gefen goshi, suka ga argotamin yana rage bugun, ciwon ma yana raguwa tare da shi. Daga nan likitoci suka riƙe cewa kumburin jijiyar jini shi ne ciwon, tsuke ta kuma shi ne magani. An yi kusan shekara 50 a kan wannan fahimta.

Argotamin yana kama da serotonin a ƙira, saboda haka yana shiga kwaɗonsa. Aibinsa shi ne bai san ƙofa ɗaya ba. Yana buɗe na serotonin da yawa, har ma da na waɗansu ƴan aiken. Yana ƙara amai, yana sanyaya yatsu, yana tsuke jijiyoyin zuciya, kuma haɗari ne babba ga mace mai ciki.

Manoma za su ce: to, namu geron fa? Shi ma yana da tasa argo, ɗan uwan na segal ne amma ba shi ba ne. In damina ta yi laima lokacin da gero yake bununi, akan ga ruwa mai danƙo kamar zuma yana tsatsowa daga zangarniya, daga baya ya bar ƙwayoyi masu duhu da tauri a gurbin tsaba. Wannan ba ya maganin ciwon kai ko kaɗan. Cinsa yana kawo amai, jiri da magagi ga mutum. A cire irin wannan zangarniya a ƙone, kada ta shiga dami. Irin shuka kuma, in ana shakkarsa, a zuba shi a ruwan gishiri, awo 1 na gishiri cikin awo 10 na ruwa: baƙaƙen za su taso sama a kwashe, a ɗauraye na kirkin a shanya.

Neman mabuɗin da ya san ƙofarsa

A 1972 wani masanin magunguna na Ingila, Patrick Humphrey, wanda yake aiki a kamfanin Glaxo, ya ɗauki wannan tambaya: tunda serotonin yana kwantar da ciwon amma yana buɗe kowace ƙofa, me zai hana a ƙera mabuɗin da zai buɗe ta kai kaɗai? Shi da abokan aikinsa suka yi shekaru suna gwaji a kan guntayen jijiyoyin jini na dabbobi, har suka gano makarɓin da ya fi yawa a jijiyoyin jinin kai. Suka yi ta sassaƙa sinadarai masu kama da serotonin, ana gwadawa ana zubarwa, kamar maƙeri yana goga mabuɗi da magagari. A 1984 suka dace da wanda ake kira sumatiriftan, a 1991 aka fara sayar da shi. Daga fara nema zuwa shiga farmasi shekara 19 ke nan. Bayansa an yi waɗansu 6 masu kama da shi, ana kiran danginsu tiriftan. Dukkansu 1B da 1D suke buɗewa.

Abin mamaki, an ƙera maganin ne domin ya tsuke jijiyar jini, amma sai bincike ya nuna babban aikinsa yana wani wuri. A 1990 Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka ɗebi jini daga jijiyar wuyan masu ciwon, suka ga CGRP yana hawa a lokacin ciwo. A 1993 suka nuna sumatiriftan yana saukar da shi, ciwon kuma ya bi shi. A 2013 masana a Kofanhegan ta Danmak suka ɗauki hoton kan mutane ana tsakiyar ciwo, suka tarar jijiyoyin jinin wajen ƙoƙon kai ba su kumbura ba, na ciki ma kaɗan suka buɗe. Sannan a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lasmiditan, wanda 1F kaɗai yake buɗewa. Ba ya tsuke jijiyar jini, amma yana kwantar da ciwon. Wannan ya ƙarfafa cewa rufe bakin jijiyar saƙo ya isa. Shi ma da nasa aibi, yana sa jiri da barci har an hana tuƙi awa 8 bayan shansa. Tun 2018 kuma akwai allurai masu tare CGRP ɗin kansa, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka ko a ƙasashen da ake yin su.

A nan sai mu ja kunne. Kada wani ya ce ai ƙarancin serotonin ne ciwon, bari in nemi abincin da yake ƙara shi. Ayaba tana da serotonin, amma wanda aka ci ba ya isa ƙwaƙwalwa, akwai shinge tsakaninta da jini. Duk mai tallar da ya ce garinsa ko ruwansa yana cika serotonin ya kori ciwon kai, kuɗinka yake so.

Abin da ya shafe mu

Mafi yawan masu ciwon ɓarin kai a ƙasarmu ba su taɓa ganin tiriftan ba, kuma da yawa ba sa ma bukatarsa. Asfirin, ibuforofen ko parasetamol suna isar mutane da dama, in an sha adadin da lokotoro ya faɗa, kuma an sha da wuri, tun ciwon yana ƙarami. In aka jira ya yi ƙarfi, ciki yakan daina narkar da abin da aka haɗiya, ƙwaya ta zauna a banza ko ta dawo da amai. A sha ruwa, a kwanta a duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi. Mai gyambon ciki ya nisanci asfirin da ibuforofen. Ba a ba yara asfirin. Mai ciki ta tsaya ga parasetamol har sai ta ga ungozoma ko lokotoro.

Wanda waɗannan suka kasa masa, shi ne ya dace ya tambayi lokotoro batun sumatiriftan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Cikin mutum 10 da suka sha ƙwayarsa, kimanin 6 suna samun sauƙi cikin awa 2, kimanin 3 ciwon yana barinsu sarai. Ga waɗansu yakan dawo kafin gari ya waye. Ba rigakafi ba ne, ba a shansa sai ciwon ya sauka. Kuma ku tuna da 1B: akwai shi a jijiyoyin jinin zuciya, ba a kai kaɗai ba. Saboda haka mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, an hana su shi. Dole a auna jini kafin a fara. Ba a haɗa shi da argotamin a yini ɗaya, sai awa 24 ta shiga tsakani.

Akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: maganin ciwon kai, in an yawaita shi, shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum. Iyakar ita ce, kada tiriftan, argotamin ko ƙwayoyi masu gauraye su kai kwana 10 a wata, kada asfirin, ibuforofen ko parasetamol su kai kwana 15. Wanda ciwon yake kayar da shi kwana 4 ko fiye a kowane wata, akwai magungunan rigakafi masu araha da ake sha kullum, kamar furofaranolol da amitiriftilin. Lokotoro ne yake zaɓa, domin na farkon bai dace da mai fuka ba.

Sai taramol, wanda ake sayarwa a tebur da bisa kekuna a kasuwanninmu. Ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo ciwon kai na kullum da muka ambata, kuma yana sa serotonin ya taru a ƙwaƙwalwa. In ya haɗu da wani maganin mai taɓa serotonin, irin su amitiriftilin, yana iya kawo makyarkyata, zufa, ruɗewa da farfaɗiya. Duk abin da mutum yake sha, na farmasi ne ko na tebur ko na gargajiya, ya faɗa wa lokotoro ba ɓoyo.

Matan da suke ganin walƙiyar nan kafin ciwo su sanar da ungozoma kafin a ba su ƙwayar tazarar haihuwa. Irin mai sinadari biyu tana ƙara musu haɗarin shanyewar jiki, kuma akwai waɗansu hanyoyin da suka dace da su.

Ba kowane ciwon kai ne za a kai ɗaki mai duhu a jira ba. In ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. In ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da mutuwar hannu, karkacewar baki, sarƙewar harshe, suma ko fizge-fizge, ko ya biyo bayan faɗuwa ko duka a kai, a tafi gidan likita nan take, ko da dare ne. Haka mai ciki da kanta yake sara, ƙafafunta suka kumbura, ganinta ya dushe. Haka wanda ya haura shekara 50 sannan ciwon ya fara masa.

Hoton kai ko awon jini ba sa nuna ciwon ɓarin kai, da labarin mai ciwo ake gane shi. Saboda haka a sami takarda ɗaya a ja layi 30, kowane layi kwana ɗaya. Ranar da ciwon ya zo a rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya sauka, gefen da ya kama, abin da ya faru kafinsa, ko yunwa ce, ko rana, ko kwanan biki, ko al'ada, da ƙwayar da aka sha da yawanta. In an cika wata 2 ko 3, a riƙa takardun a tafi da su wurin lokotoro, tare da kwalin kowane maganin da aka sha.